Taswirar da Muka Naɗe Faranti da Ita

Yanzu in ka shiga shagona ba za ka ji ƙarar takarda ba. Da leda ake naɗe kaya, irin mai ƙananan kumfa, tana zuwa a nannaɗe kamar tabarma, a yanka, a liƙe, an gama. Ban ƙi ta ba, faranti ba ya fashewa a cikinta. Amma mu da muka kama wannan sana'a a Paris a shekarun ƙarshe kafin a daina kashe kuɗin faran, da tsohuwar jarida muka saba. Tun da sassafe za ka ji ɗaki ya cika da ƙaras-ƙaras, wannan na yagawa, wancan na dunƙulewa, kafin azahar tafin hannunka ya yi baƙi da tawada, in ka share gumi goshinka ma ya samu rabonsa. Mukan bi masu gadin gidaje muna roƙon jaridun da aka gama karantawa, mu ɗaure su dami-dami a bayan mota. Wanda jaridarsa ta ƙare a tsakiyar aiki ya shiga uku, don kaya masu fashewa ba sa sauka hawa biyar tsirara.

Sana'ar kuwa ita ce kwashe gida. Mutum ya rasu, 'ya'yansa suna nesa, mai gidan haya yana son ɗakinsa kafin wata ya mutu, sai a kira irinmu. Mu zo da mota, mu kwashe komai daga gado har cokali, mu share, mu miƙa makulli. Abin da ya yi kyau mu kai kasuwar gwanjo ta Montreuil, wanda bai yi ba mu kai juji. Yau masu wannan aiki hoto ake aika musu ta waya, su ce e ko a'a ba su taka matakala ba. Mu dole mu shiga. Ka buɗe ƙofa ka tarar da agogo yana ta bugawa ba mai kallonsa, takalman ɗaki a jere a gefen gado, matashi da ramin kan mai shi, firij yana gurnani da rabin man shanu a ciki. Wani gidan ka ji ƙamshin miyar da aka dafa tun makon jiya bai gama fita ba. Ni dai ban taɓa shiga ba tare da na yi sallama ba, ko da na san ba kowa.

Maigidan da ya koya mini aikin wani tsoho ne Ba'adare, Allah ya jiƙansa. Ba shi da yawan magana, amma abu uku ya nanata mini har na haddace. Kar ka buɗe wasiƙa. Kar ka tsaya kallon hoto. Kar ka tambayi yadda mai ɗakin ya tafi. Yakan ce in ka fara tambaya, katifar nan ba za ka iya ɗaga ta ba, kuma ba tausayi aka kira ka ka yi ba, ɗaki aka ce ka share. Na riƙe maganarsa, ta kuma yi mini amfani shekaru da yawa, da ita na sayi motar kaina na daina yi wa kowa aiki. Sau ɗaya tak ta kai ni ta baro, kuma wannan sau ɗayan ne nake son in ba da labari.

Lokacin ina aiki da wani mutumin Tasawa da kowa ke kira Dogo. Ya girme ni da kusan shekara goma, ga ƙarfi ga baki. Wata rana da sanyi ya fara shigowa, wata mata ta kira ni daga Lyon. Ta ce ɗakin mahaifinta ne, can sama da unguwar Goutte d'Or, a kwashe komai, makulli yana wurin matar da ke gadin gidan. Ban tambaye ta komai ba.

Ɗaki biyu ne a hawa na biyar, matakala ƙunci, ba na'urar hawa. Littattafai sun fi komai yawa, wasu da Faransanci, wasu da Ingilishi, wasu da wani harshe da ban taɓa gani ba. Amma abin da ya fara tsayar da mu kujera ce. Duk gidan tsohon da muka shiga, kujerarsa taga take kallo. Wannan ta ba taga baya, tana fuskantar bango, kusa da shi sosai har gwiwar mai zama za ta taɓa. A bangon kuwa taswira ce, daga bakin taga har bakin ƙofa, takardu da yawa aka haɗa aka manne. Ga teku a gefe ɗaya, ga tuddai, ga sunaye da aka buga da inji jefi-jefi. A tsakaninsu, ko'ina, rubutun fensir ne ƙanana kamar tururuwa, ba inda aka bari fili. Sannan akwai wata hanya da ta taso daga ƙasan takardar ta yi sama tana lanƙwasa, ta yi duhu tana sheƙi, irin sheƙin da hannu ke bari a jikin ƙofar da aka daɗe ana turawa.

"Wannan bawan Allah bango yake kallo?" in ji Dogo. "Ko talabijin ɗinsa ce?"

Muka yi dariya muka kama aiki. Wajen la'asar muka buɗe kabad na ƙarshe muka tarar da farantai na tangaran masu bakin zinariya, da kofuna, da kwanukan miya, kaya masu kyau ƙwarai. Jarida kuwa ta ƙare. Dogo ya leƙa matakala, ya dubi bango.

"Ni dai gwiwata ba ta sauka hawa biyar neman jarida, ga takarda bango guda tana kallona."

Shi ya faɗa, amma ni na fara yagawa, ba zan ɗora masa ba. Abin da na tuna shi ne takardar ba ta yi ƙara ba. Ta tsufa ta yi laushi kamar tsumma, ka yaga ta shiru, ka naɗa ta kwanta a jikin faranti kamar don shi aka yi ta. Muka gama naɗin nan cikin shirun da ban saba da shi ba, har Dogo ya daina surutu. Da muka juya za mu fita, bangon ya bar fari fat a inda take, kujerar da muka bari ta ƙarshe tana kallonsa.

Ranar Asabar kayan suka tafi. Yawancin farantan wata Hajiya ce ta saya, mai gidan abinci a Goutte d'Or, 'yar Maraɗi, wadda duk ɗan ƙasarmu da ke Paris ya san tuwonta. Kofuna shida wata Baturiya mai wucewa ta ɗauka, ban san ta ba, ban sake ganinta ba. Sauran suka koma ma'ajiya a naɗe.

Ranar Talata matar Lyon ta sake kira.

"Akwai wata takarda a bango," in ji ta. "Tana wurinku?"

"Madam, komai kika ce a kwashe."

"Na sani. Laifina ne, na ɗauka tsohuwar takarda ce kawai. Amma mahaifina ita yake tambaya. Yau kwana huɗu bai sa komai a bakinsa ba."

Na zauna a kan kwalin da ke kusa da ni. "Mahaifinki yana da rai?"

Yana da rai. Ƙafafunsa ne suka gaza hawan matakala, ta ɗauko shi ta sa shi gidan tsofaffi kusa da ita, ta ce masa kayansa suna tafe. Da ya ga akwatunan da ta haɗa masa sun iso ba taswira, sai ya ture faranti ya rufe baki. Likita ya ce in mako ya ƙare bai ci ba za su sa masa tiyo ta hanci, kuma a shekarunsa ba su da tabbacin zai jure. Tun da na kama sana'ar ban taɓa kwashe gidan mai rai ba, shi ya sa ko a raina ban kawo ba. Na ce mata ta ba ni kwana biyu.

Na tarar da Hajiya tana tuƙa tuwo. Muka gaisa, na tambayi gida da kasuwa, sannan na ce takardun da na naɗe mata farantai nake nema.

"Ikon Allah! Alhajin gwanjo, faranti ka sayar mini ko takarda? Gobe kuma ka dawo ka ce igiyar da ka ɗaure kwalin ta kakarka ce."

Na gaya mata yadda abin yake. Ta ajiye muciya. Allah ya taimake ni ita ma ba ta jefar da takarda, a ƙarƙashin kanta take tara su tana naɗe wa mutane ƙosai. Ta zaro su ɗaya bayan ɗaya, wasu da mai, wasu da yaji. Uku sun riga sun fita da masu saye. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin cin abincin ta ɗaga murya.

"Jama'a, duk wanda ya sayi ƙosai jiya da shekaranjiya, ya laluba aljihunsa!"

Wani Malami mai aikin gadi, wanda kullum a nan yake karyawa, ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya fito da ɗaya a dunƙule.

"Hajiya, ashe har da lada a cikin takardar? Da kin faɗa da na cinye ta."

"Ci ƙosanka dai, Malam. Wannan ƙasar wani ce ka sa a aljihu."

Wata aka samo a kwandon shara, ta ukun wani ya kawo washegari. Hajiya da kanta ta sa dutsen guga ta miƙar da su a kan teburin yanka albasa. Ni da Dogo muka shimfiɗa su a ƙasan ma'ajiya muka yini muna haɗawa, bakin teku muke bi, inda layi ya yanke mu nemo inda ya ci gaba. Ta haɗu, sai wuri ɗaya. Can sama, daidai inda hanyar nan mai sheƙi take ƙarewa, akwai rami kamar faɗin tire. Takardun kofuna shida ne. Na yanko takardar kwali mai ruwan ƙasa na liƙa ta baya don kada ramin ya ƙara yagewa.

Na kama hanyar Lyon ni kaɗai bayan sallar asuba. Hazo ya kwanta a kan gonaki tun daga fitata har kusan rabin hanya, ba ka ganin komai sai fitilun motar gabanka. Taswirar tana naɗe a kujerar gefena, duk motar tana warin man ƙosai.

Gidan tsofaffin yana kan tudu, ana hango kogi daga tagoginsa. Matar ta tarye ni a ƙofa, za ta kai shekara hamsin, Bafaranshiya ce sak a magana da tafiya. Ta kai ni babban zauren da suke zama. Tsofaffi a jere a kujeru, talabijin yana yi ba mai kallo. Mahaifinta yana can ƙurya, dogo ne da ya rame, gira fara, manyan hannuwa a kan bargo. A gefensa kwanon miya ya huce, cokali a kife.

Muka haɗa tebur biyu na shimfiɗa. Bai gaishe ni ba, bai dubi 'yarsa ba. Ya jawo kujerarsa, ya ɗora yatsa a ƙasan takardar inda hanyar ta faro, ya fara kira. Muryar da ta fito ba ta mai kwana shida da yunwa ba ce. Suna yake faɗa, yatsa ya matsa kaɗan, ya faɗi wani, a hankali, kamar mai kiran mutanen da yake jira su amsa. Harshen yana da wani irin sauti daga maƙogwaro, wani wurin kamar iska a ƙarƙashin ƙofa. Wani ya kashe talabijin. Tsofaffin nan duk suka juyo.

"An ce mini tun da mahaifiyata ta rasu kullum safe haka yake yi," 'yar ta raɗa mini. "Ni ko kalma ɗaya ba na ji."

Yatsan ya hau, ya lanƙwasa, ya bi bakin teku, ya iso takardar kwali. Muryar ta tsaya cak. Ya daɗe a nan, yatsan yana tsaye a bakin ramin kamar mutumin da ya zo gaɓar rafi ya tarar gada ta tafi. Sai ya koma ƙasa ya faro daga farko. Ya sake isowa, ya sake tsayawa. Sau uku. Duk wanda ya taɓa hadda ya san wannan, in ta yanke maka a tsakiya ba ka da dabara sai komawa baya, kuma sau da yawa a wuri ɗaya take sake yankewa.

Sannan ya ɗago ya dube ni. Faransancinsa mai kyau ne, sai dai da nauyin baƙo.

"Kai ka yaga?"

"Ni ne, Mushe," na ce, yadda muke kiran babban mutum da Faransancinmu.

"Turawan Ingila shekaru suka ɗauka suna wannan aikin na shafe sunayenmu. Kai yini ɗaya ya ishe ka. Zauna."

Na zauna. Ya ce shi mutumin Ailan ne, daga can yammacin ƙasar inda ƙasa ke ƙarewa teku ya fara. Ya nuna mini sunayen da aka buga da inji. Waɗannan, in ji shi, masu awon ƙasa na Ingila ne suka zo suka tambayi mutane, suka rubuta abin da kunnensu ya kama da haruffansu, sunan ya fito ba ya nufin komai a kowane harshe. Bayan ƙasar ta samu kanta, hukuma ta yi ƙoƙarin mayar da sunayen garuruwa da koguna cikin harshen kakanni. Amma gona fa? Dutse fa, da rijiya, da lungun da ake tsayawa a huta in an ɗauko gawa? Waɗannan a bakin mutane kawai suke. Na fensir ɗin nan duk daga bakin mahaifiyarsa ya kwashe su, da tsofaffin ƙauyen, kafin su ƙare. Ya fassara mini kaɗan: Gonar Farar Saniya, Dutsen Mai Jira, Mashigar Gishiri.

"Malamin lakwal ne ni a can," in ji shi. "Harshen dole ne a makaranta, kowane yaro sai ya koya, in bai ci shi ba bai ci jarrabawa ba. Kakata an doke ta a makaranta don ta yi shi. Ni kuma na doki yara don ba su yi shi ba. Da sanda nake shiga aji. Suka haddace abin da zai fitar da su, suka hau jirgi, suka tafi Ingila da Amurka neman aiki, suka bar shi a bakin ruwa. Ƙauyen yanzu tumaki ne a ciki." Ya nuna 'yarsa da haɓa. "Wannan kuwa na rantse ba zan tilasta mata ba. Ga ta nan. Waɗanda na tilasta wa ba su riƙe ba, wadda na ƙyale ba ta samu ba."

Na gaya masa mu ma a lakwal ɗinmu, shekara biyun da na yi, wanda aka kama yana Hausa ƙashi ake rataya masa a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi labarin unguwarsu.

"Mushe, me ke cikin ramin?"

"Gidanmu," in ji shi. "Da ƙanwata."

'Yar ta ɗago kai. Daga yadda ta dube shi na gane ba ta taɓa jin yana da ƙanwa ba. Ya ce kwana biyu ta yi a duniya, ta rasu ba a yi mata wankan coci ba. A zamanin irin waɗannan jariran ba a kai su maƙabartar coci. Akwai wani lungu bayan gidaje da ake kai su, uba ya ɗauka shi kaɗai, ya haƙa, ya ɗora dutse, ba rubutu, ba shinge. Baƙo zai wuce ya ɗauka duwatsu ne kawai a cikin ciyawa. Sunan wurin ne shingensa. Duk wanda ya san sunan ba ya sa garma a nan, ba ya kafa gini, ba ya barin dabba ta kwana. Yanzu mutanen birni suna sayen filayen suna gina gidajen hutu.

"Ina ganin wurin," in ji shi. "Ina ganin kowane dutse. Sunan ne ba ya zuwa sai yatsana yana kai."

Ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba. Abin da na iya shi ne kai kaya inda aka ce. Sai na ture taswirar gefe kaɗan.

"Mushe, bar takardar nan, ni ban iya karanta ta ba. Direba ne ni. An ba ni kaya in kai wa mahaifiyarka, ga ni na iso nan inda ka tsaya. Ina zan bi?"

Ya harare ni. "Mota ba ta shiga can."

"To na sauka, na ɗora a ka. Kayan da nauyi, kar ka ɓatar da ni."

Na ɗauka na ɓata masa rai. Sai ya rufe ido.

"Bi gefen katangar dutse, teku a hagunka. Za ka ga inda ta rushe." Ya faɗi wani suna. "Nan za ka tsallaka. Kula, da santsi."

Na miƙa wa 'yar alƙalami, ta girgiza kai, ta ce ba ta san yadda ake rubuta shi ba. Hannunsa kuwa ko cokali da ƙyar. Sai na jawo taswirar na fara rubutawa a kan takardar kwalin da ajami, yadda kunnena ya ji, ina tambayarsa ma'anar kowane ina sawa a gefe da Hausa.

"Sai ina?"

"Hau tudun. Akwai rijiya a dama, kar ka sha, ta dabbobi ce." Wani suna. "Ka ji karen?"

"Ban ji ba, Mushe."

"Zai yi haushi. Kar ka kula shi, ba ya cizo. Matar da ke tsaye a ƙofar farko kar ka gaishe ta, ba ta amsa wa kowa tun da teku ya ci ɗanta. Wuce kawai."

Haka muka yi ta tafiya. Zauren nan ya yi tsit, ba ka jin komai sai muryarsa da ƙarar alƙalamina. Yana faɗin abin da ke gabana kamar yana tafe a bayana yana leƙowa ta kafaɗata: ga hayaƙi, ga ƙofar da aka shafa wa kore, ga igiyar shanya. Sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba ya ma lura. Muka wuce gidansu bai ce in tsaya ba. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Zagaya baya. Bi ta cikin ƙayar. A hankali." Ya ɗaga hannu. "Tsaya nan. Ajiye kayan. Cire hularka."

Na cire. A tsakiyar zauren gidan tsofaffi a Lyon, da rana tsaka, na cire hulata na riƙe a hannu. Ni ba mai gane-gane ba ne, na kwashe gidajen matattu fiye da yadda zan iya tunawa ban taɓa ganin komai ba. Amma a lokacin nan na ji sanyi ya kama ƙafafuna daga idon sawu zuwa ƙasa, irin na wanda ya tsaya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wata tsohuwa a kujerar kusa da mu ta ja ƙafafunta sama ta lulluɓe da bargo.

"Ina ne nan, Mushe?" Ni ma raɗa na yi.

Ya faɗa. Gajeren suna ne, gaɓa huɗu. Ya ce ma'anarsa Lambun Waɗanda Ba a Kira Ba. Na rubuta.

Ya buɗe ido. Bai dubi abin da na rubuta ba, 'yarsa ya duba. Ya ɗauki cokalin nan da ke kife ya buga a tebur, ƙwas.

"Faɗi."

"Baba, ka san ban iya ba."

Ƙwas. "Faɗi."

Ta faɗa, ya fito a karkace, da bakin Faransawa.

"A'a. Daga maƙogwaro. Sake."

Ta sake. Mace mai furfura a kai, da jakarta a cinya, tana maimaitawa kamar 'yar aji ɗaya, hawaye yana zuba ba ta share ba. Ya buga, ta sake, ya buga, ta sake. Ban ƙirga ba, amma sun daɗe. Can ta faɗa, sai bai buga ba. Ya juyo gare ni.

"Kai ma, direba."

Na faɗa. Sau biyu ya gyara mini. Sannan ya juya cokalin, ya jawo kwanon, ya ɗanɗana, ya ɓata fuska.

"Miyar nan ta huce. A ɗumamo."

Ya ci a gabana, har da burodi. Bai yi mini godiya ba, ni ma ban ga dalilin da zai yi ba. Ya ƙara wata bakwai ko takwas a duniya. Bayan rasuwarsa 'yar ta ɗauki taswirar, da facin kwalin da man ƙosan, ta kai ƙasarsu ta ba masu tattara sunayen wurare. Ta ce sun karɓa da murna, sai dai ba wanda ya iya karanta facin, dole ita ta tsaya ta faɗa musu da baki abin da ta riƙe. Ko sun sa shi a taswirar hukuma, ko an kewaye lungun, ko wani ya riga ya zuba siminti a kai, ban sani ba. Ban taɓa zuwa ƙasar ba.

Abin da na sani, tun daga shekarar, duk lokacin da sanyi ya fara shigowa takan kira ni sau ɗaya. Ba ma doguwar gaisuwa. Ta faɗi sunan, in faɗa, mu ji ko na wani ya karkace, in ya karkace mu gyara wa juna, ta ajiye waya. Na sake shago sau biyu, lambata ta canza, ba ta taɓa kasa samuna ba. Bara ba ta kira ba. Bana ma sanyi ya shigo har ya kusa fita. Don haka da safe in na ɗaga ƙofar shago, kafin kowa ya iso, nakan tsaya a tsakiyar kayan mutane in faɗe shi sau ɗaya, da ƙarfi, daga maƙogwaro.